Farin Garin da Aƙilu Ya Zubar

Akwai wani malamin dabbobi mai suna Aƙilu, da aka turo Malumfashi a shekarar 1986. Hannunsa na da kyau a allura, kuma ya san haka, shi ya sa ba ya son gyara.

Da bazara aka kawo rigakafin harbin daji, cutar da ke kayar da saniya lafiyayya farat ɗaya. Likitan dabbobi, Dakta Raufu, Bayaraben da aka haifa a Funtuwa, ya tara ma'aikata don ya yi musu bayani. Aƙilu ya ce, "Ni za a koya wa allura?" Ya hau babur ya nufi rugagen Ƙarfi.

Makiyayan can ba su yarda da allura ba. Wani dattijo, Jibo, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lallashi, ya kuma fara kawo nasa garken.

Aƙilu ya ga wani farin gari ya kwanta a gindin kwalaben rigakafin. Ya ɗauka datti ne. Sai ya riƙa zuƙe ruwan sama yana yi wa shanu, yana zubar da na ƙasa.

Damina na sauka cutar ta shigo. Shanu suka yi ta faɗuwa, har da karsanar da Jibo ya ba 'yarsa Ladidi. Makiyaya suka daina gaisawa da Jibo. Aƙilu kuwa ce wa Jibo ya yi, "Ɓoye wasu shanun kuka yi, ba ku kawo ba."

Dakta Raufu ya kira shi ofis. "Ka girgiza kwalaben kuwa?"

Aƙilu ya faɗi abin da ya yi.

Dakta ya dafe kai. "A cikin jini akwai sojoji masu yaƙar cuta. Ganin baƙo kaɗai ba ya tayar da su. Sai sun sami kira na biyu, mai tabbatar musu cewa baƙon nan haɗari ne. In babu shi, kallonsa za su yi su koma su kwanta. Farin garin nan shi ke sa jiki ya yi wannan kiran, kuma yawancin maganin a jikinsa yake manne. Ranar da ka tafi, abin da na yi bayani ke nan."

Aƙilu ya kasa ɗaga kai. Mutuwar shanun ta dame shi, amma ƙaryar da ya ɗora wa dattijon ta fi ci masa rai.

Ranar kasuwa ya tsaya gaban makiyayan. "Baba Jibo bai cuce ku ba. Ba wanda ya ɓoye saniya. Ni na lalata maganin, don na ƙi tsayawa a koya mini."

Wasu suka tashi suka tafi. Wani ya tofar da yawu.

Jibo ya daɗe yana kallonsa. "Karsanar Ladidi ba za ta dawo ba, Malam. Amma da ka yi shiru, da har na mutu ana ce mini maƙaryaci." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Saura shanu bakwai gare ni. Gobe ka zo. Ka girgiza a gabana."

Darasi: Girman kan da ya hana ka tambaya, sau da yawa wanda ya yarda da kai ne ke ɗaukar asararsa. In ka yi kuskure, ka wanke wanda ka shafa wa laifi tun da wuri. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.