Zalɓe da Gyaran Bakin Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne!

Zaizaya ta cinye bakin kogin garin dabbobi, har mashaya ta rufta. Sai aka ɗora wa Kunkuru aikin gyara. Zalɓe ya cika ya yi fam da hassada. Yana nan da tsawonsa, a ba wa gajere?

Kunkuru ya shiga bin gida-gida, yana tambayar kowa abin da yake so. Zalɓe ya riga shi, yana zuga su don aikin ya dagule.

Ya ce wa Dorina, "Yaya, ki nemi zurfi."

Ya ce wa Akuya, "Kada ki yarda, nemi tudu da inuwa."

Da Kunkuru ya iso gare shi ya ce, "Malam Zalɓe, kai fa, me za a yi maka?"

"Ni? Allah ya kiyaye in nemi abu a hannunka!"

Kunkuru ya haƙa wa Dorina gurbi, ya dasa wa Akuya itatuwa, kowa ya sami nasa. Zalɓe ya zaga, ya rasa inda zai ajiye ƙafa biyu. Shi ya sa har yau yake tsaye da ƙafa ɗaya, yana hararar ruwa.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya bi kogi!