Gurmin Baba Cindo

Ku gyara zama, kuma kada wanda ya katse ni sai na kai aya. Wannan ba tatsuniyar Gizo ba ce. Hukunci nake nema a wurinku, domin an ɗora mini amanar da ta hana ni sakat.

Kun san Baba Cindo mai gurmi, ko in ce iyayenku sun san shi. A da ba a gayyar noma a ƙasar nan ba muryarsa. Yau yana zaurensa shi kaɗai, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya ƙi juyawa. Matarsa ta rasu, Allah bai ba shi haihuwa ba. Nakan je masa bayan la'asar, in tarar ƙudaje ne kawai suka riga ni.

Mutum uku suka yi masa amshi a zamaninsa: Sallau, Tanimu da Lawandi. Dukansu sun zauna a ajina, na san rubutun kowa, na san ƙaryar kowa.

Sallau tela ne ya fara lura muryar tsohon tana dusashewa. Ya rufe rumfarsa, ya aro na'urar ɗaukar murya, ya kwashe rani guda yana lallashin Baba ya rera waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ya soma mantawa. Damina na faɗuwa ciwon ya kayar da shi. Ba don Sallau ba, da waƙoƙin sun mutu a bakin mai su.

Tanimu ya ga yadda masu tura waƙa a kasuwa suke cika wa mutane waya da gumin wasu, mai waƙa ko sannu bai samu ba. Ya kai waƙoƙin wani kamfani a birni, aka sa musu kulle: wanda ya biya ne kaɗai zai ji, a wayarsa, ba damar ya tura wa ko ɗan'uwansa. Kamfanin ya gindaya sharaɗin a goge duk wani kwafi da ke waje, aka kuwa goge. Da abin da ke shigowa aka sayi magani, aka gyara rufin zauren, aka ciyar da tsohon. Ba don Tanimu ba, da yunwa ta riga ciwon.

Ana nan kamfanin ya durƙushe, ya rufe ba sallama. Waƙoƙin suka ɓace ko'ina sai a wayar da ke hannun Baba, inda aka ajiye masa su a kulle, ita ma batirinta ya kumbura. Lawandi mai gyaran waya ya gwada kullen, ya ƙi buɗuwa. Sai ya kunna waƙoƙin a zauren, ya jingina tasa wayar kusa, ya ɗauke su daga iska. Ba a jima ba wayar Baba ta mutu. Lawandi ya raba abin da ya ɗauka kyauta a kasuwa, don kada su sake zama a wuri ɗaya. Ba don shi ba, da an binne muryar tare da wayar.

Yanzu waƙoƙin suna kowace tasha, amma sunan mai su ya faɗi a hanya, abincin tsohon ma ya tsaya. Akwai kuma wani gurnani da ake ji a ƙarƙashin kiɗan. Rannan na ji samari a teburin mai shayi suna cewa rago aka ɗaure kusa da mai ɗauka. Na tsaya na gaya musu cewa mai waƙar ne yake ƙoƙarin yi wa kansa amshi, kuma ga zaurensa can, jifa ɗaya. Suka ce, "Allah ya ba shi lafiya, Malam," suka ci gaba da shan shayi. Wannan rashin ta-ido ban yafe wa garin nan ba, sai kun taka kun gaishe shi, kun mayar wa waƙarsa sunanta.

Jiya Baba ya nuna mini gurminsa da ke rataye. Ya ɗaga yatsu uku, ya lanƙwashe biyu. Na gane nufinsa: in miƙa gurmin ga ɗaya cikin 'yan amshinsa uku. Na sauko da shi, na kira su ƙofar gidana.

Tanimu ya dubi Lawandi ya ce, "Malam, ɓarawo ma yana cin gado?"

Lawandi ya ce, "A'a, Yaya, sai dai mai gadin da ya kulle ɗaki ya ba baƙo mabuɗi."

Sallau bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ni dai, Malam, muryar da na ɗauka ta fita tas, da hannuna aka sa na goge ta."

Na sallame su. Gurmin yana ɗakina, tsohon kuwa yana can yana kallon ƙofa, yana jiran ya ga wanda zai shigo da shi a kafaɗa ya kaɗa masa.

To, ku gaya mini, kuma kowa ya kawo hujjarsa: wanda ya ɗauki muryar, da wanda ya kulle ta ta ciyar da mai ita, da wanda ya sake ta ta rayu ba suna, wa zan miƙa wa gurmin?