Tarwaɗar Barmo a Fadar Jatau

A wata ƙasa da ba ta iyaka da teku ta ko'ina, an yi wani hakimi mai suna Jatau. Ya je baƙunta gaɓar teku, aka ba shi kifin can, daɗin ya tsaya masa a rai. Da ya dawo sai ya sa aka kira Barmo masunci.

"Kifin teku nake so, Barmo, kuma wanda aka kama a ƙasata, ba na ƙanƙara da ake kawowa a mota ba. In ka kasa, a ƙwace komarka da jirginka."

Barmo ya fita yana neman dabara, don da su yake ciyar da iyalinsa. Kashegari ya dawo fada da tarwaɗa tana wutsil-wutsil a ƙwarya.

Hakimi ya daka tsawa: "Ni za ka raina? Wannan ai tarwaɗar tabkina ce!"

"Ranka ya daɗe, kenan kifinka ne?"

"Nawa ne mana!"

Barmo ya juya wajen maroƙin fada. "Sarkin roƙo, tuna mini kirarin maigida."

Maroƙi ya ƙwala: "Teku, ba a ganin ƙarshenka!"

Barmo ya durƙusa. "To ga kifin Teku, a ƙasarka aka kama shi. Sai fa in ƙarya ake maka kullum."

Hakimi ya dubi maroƙi, ya dubi tarwaɗa, ya gyara rawani, ya ce, "A kai cikin gida. A ce su zuba gishiri da yawa."