Ranar Da Hikima Ta Ƙi Tada Mijinta

Akwai wani bawan Allah a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, sunansa Abdulghani. Ba shi ke riƙe tiyo ya fuskanci wuta ba. Shi direban wayit ne, tankar da ke kai wa masu kashe gobara ruwa. In zafi ya tsananta daji ya kama a duwatsun wajen Ɗa'if, har can ake tura su.

Aikin dare yake yi, ya dawo bayan asuba. To dangi da suka ga yana gida da rana sai suka ɗauka zaman banza yake. Wannan a kai shi asibiti, wancan a ɗauko masa baƙo a filin jirgi. Shi kuma bai iya cewa a'a ba.

Matarsa Hikima ba ta da yawan magana, amma tana gani. Barcinsa bai kai awa uku ba. Ƙafafunsa sun kumbura saboda zama, in ya hau bene hawa biyu sai ya dafa bango. Shayi ma a hannunsa yake hucewa yana gyangyaɗi.

Wata rana yana gyangyaɗi ya gogi katanga da wayit a unguwar Khumra. Mudir ɗinsu, wato shugabansu a wurin aiki, ya ce, "In ka sake, halas, ka ajiye makulli." Hikima ba aikin ta fi ji ba, hanyar dutse take tunawa.

Da safiyar wata Laraba, bai fi rabin awa da kwanciya ba, sai ga Kawu Hashim, ƙanin mahaifiyarsa wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami.

"Yalla, 'yar nan, taso min shi. Unguwar Ruwais za ni, ya zo ya kai ni."

Ta durƙusa, idonta a ƙasa. "Kawu, barci yake."

"Na ji. Ai shi ya sa na ce ki taso shi."

"Kawu, ka yafe min. Ba zan iya ba."

"Ke? Da a gabana ko ruwa ba kya iya sha? Mashallah, an yi baki!"

Ya buga sanda ya sauka. Ta zauna bakin ƙofa, wayar mijin a ɓoye cikin zaninta. Kafin azahar magana ta zaga dangi: Hikima ta kori Kawu.

Ranar Abdulghani ya yi barcin awa bakwai. Da ya ji abin da ya faru ransa ya ɓaci, amma kafin ya je ba da haƙuri aka kira su, daji ya kama.

Suna hawan dutse, wayit ɗin abokinsa Saif na gaba. Sai ya ga motar tana sulalewa a hankali ta nufi bakin kwazazzabo. Ya danne hon bai saki ba, har Saif ya farka ya karya kan motar. Saif kwana biyu ke nan yana zirga-zirgar bikin ƙanwarsa, bai samu barci ba.

Da suka dawo ya je gaida Kawu, ya ba shi labari. Ya ce, "Kawu, da na kai ka Ruwais, da ni da Saif mu biyu ne ke barci a kan hanyar nan."



Washegari Hikima ta buɗe ƙofa, ta tarar da Kawu zaune kan kujerar roba da carbinsa.

"Shiga ki yi aikinki, 'yar nan. Ni zan tsare ƙofar nan, ni ba a yi min rashin kunya."

Tun daga nan duk wanda ya zo, amsar Kawu ɗaya ce: "Barci yake. Bayan la'asar muna fita tattaki ya saki ƙafa. Mai magana ya sa takalmi ya biyo mu."

Masu biyowa ba su kai uku ba.

Darasi: Wanda ya kwana yana tsaron rayukan mutane, barcinsa na rana ba lalaci ba ne, haƙƙinsa ne. Ku bar shi ya huta, ku ja shi ya motsa jiki. Don Allah ku tura wa duk gidan da ke da mai aikin dare.