Ranar da Aka Ce a Rufe Gada

Akwai wani bakanike a kudancin Louisiana mai suna Renard Guidry. Lokaci-lokaci yakan ajiye sifana ya sa kakin sojan ko-ta-kwana, inda yake riƙe da muƙamin saje.

Da aka fara batun karɓe ikon rundunarsu daga gwamnatin tarayya a damƙa wa magajin gari, Renard ne kan gaba wajen goyon baya. Kullum cewa yake, "Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

Allah sarki, bai san halin magajin garin nasu, Clovis Hebert, ba. Mutumin nan riƙo gare shi, bai taɓa yafe wa unguwar ƙetaren kogi ƙin zaɓensa da suka yi ba.

Ba a jima da damƙa masa ikon ba guguwa ta taso daga teku. Gari ya yi baƙi ƙirin da rana tsaka, kogi ya fara cin gidajen ƙetare. Hanyar tsira ɗaya ce, gadar da ke hawa tudu.

Sai ga Clovis da kansa a bakin gadar, inda Renard da sojojinsa ke taimaka wa mutane hayewa.

"Saje, ku gicciye motocinku. Tudu ya cika, kada kowa ya haye."

"Ranka ya daɗe, ruwa fa ya kai ƙugu a can."

"Shawara na tambaye ka? Yanzu ni ne mai ba ku umarni!"

Aka gicciye motoci. Ga jama'a sun yi cirko-cirko da yara a kafaɗa. Can wata tsohuwa, Inna Eulalie, ta matso ta leƙa ƙarƙashin hularsa.

"Kai, ba Renard ɗan Celestine ba ne? Ni za ka nuna wa bindiga, ɗan nema? Matsa min, ƙafafuna sun yi sanyi."

Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Ya hau mota ya janye ta, sauran sojojin suka bi sahu, Clovis na ta kumfar baki.

Mutum na ƙarshe na hayewa ke nan, gadar ta yi wata irin ƙara, kogi ya tafi da ita.

Washegari Clovis ya tuɓe wa Renard muƙami. Ikon yana hannun Clovis har yau, amma tun ranar babu soja ɗaya da ya sake amsa kiransa.

Darasi: Kafin ka miƙa wa mutum sanda don shi na gida ne, duba wa yake harara. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.