Awa Arba'in da Ɗaya, Wasiƙa Biyu

Akwai wani magidanci da abokansa ke kira Alƙali. Ba a kotu yake aiki ba, shagon fotokwafi da buga takardu yake riƙe da shi a bakin titi. Gem ɗin kwamfuta ne ya jawo masa sunan. Shekara goma sha ɗaya yana bugawa, kuma babu gem ɗin da zai shigo bai yanke masa hukunci ba.

Duk ranar Asabar da yamma sukan haɗu a wani shagon gem, mai kwamfuta takwas jere da bango, da kujerun roba, da fanka ɗaya mai kuka kamar tana neman taimako. Suna da guruf a waya, mutum kusan tamanin, akwai bakanike, akwai malamin makaranta, akwai direba. Kafin kowa ya ɗauki sabon gem, sai ya ji ta bakin Alƙali.

Shi kuwa Allah ya yi masa baki.

"Gem ɗin ƙwallon bana?" in ji shi. "Na bara ne aka canza masa riga. Mai tsaron gidan ma har yanzu kamar an ɗaure masa hannu yake."

A tambaye shi na tseren mota, ya ce, "Mota ta daki bango a guje ta fito ko ƙwarzane babu. Ai wannan cin mutuncin Bakanike ne."

Na yaƙi kuwa cewa ya yi, "Jarumin yana ɗauke da bindiga tara a baya, amma shinge iya gwiwa ya gagare shi tsallakewa. Sai dai ku buga, daga rabi zuwa ƙarshe ba za ku iya tashi ba."

A yi ta dariya, amma ba don dariyar ake jin maganarsa ba. Yana da ƙa'ida guda da kowa ya sani: ba ya buɗe baki a kan gem sai ya ga ƙarshensa, ko da zai ci masa wata biyu. Saboda haka ne mai shago ya rataye ƙaramin allo a bakin ƙofa, duk mako yana rubuta hukuncin Alƙali a kai. Allon nan, in za a faɗi gaskiya, ya fi wa Alƙali shagon fotokwafinsa daraja.

To, Alƙali yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne. Alƙalin ne ya koya masa riƙe maus ɗin kwamfuta, shi kuma ya laƙaba masa Kunkuru, don ba ya gaggawa a komai. In ana tsere shi ne na ƙarshe, in ana yaƙi sai ka gan shi ya tsaya yana kallon labulen gidan da ake harbi a ciki.

Kunkuru ba ya son gem mai hayaniya. Nasa su ne na noma, da na tuƙin babbar mota inda mutum zai tsaya a danja ya jira hannu. Alƙali yakan ce, "Ka wuni a kan keken ɗinki, ka dawo gida ka kama aikin direba kyauta. Kai dai wahala ce ke sonka."

Wata rana Malam, malamin makarantar nan, ya yi tambaya a guruf: akwai gem ɗin da mutum zai buga bayan ya gaji, ba tare da jininsa ya hau ba? Alƙali yana fama da injin da ya cinye takarda, bai gani da wuri ba. Kunkuru ya tura saƙon murya na minti biyu, a hankali yadda ya saba, ya ba shi labarin gem ɗin noma.

Kafin Alƙali ya wanke tawadar hannunsa, mutum goma sha bakwai sun amsa. Ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Nasa na makon jiya, tara ne suka amsa.

Ya yi murmushi ya ajiye wayar, ya ce ai sabon abu ne. Amma ranar sau biyu yana buga wa wata mata takarda a juye.

Abu ya ci gaba. Mako ya zagayo, wani ya zagayo, sai aka fara cewa, "Bari mu ji ta bakin Kunkuru ma." Wannan 'yar kalmar ta ƙarshe ita ke sukar Alƙali. Kullum in ya ji ta sai abinci ya fita ransa.

Matarsa ta lura. Ta ce, "Wai ƙaninka kake yi wa wannan kumburin?"

"Wa ya ce miki kumburi nake?"

"Sau huɗu kana sauraron saƙonsa, kowane sai ka ja tsaki a wuri ɗaya."

Ya tashi ya bar mata falon. Gaskiyar magana kishi ne ke cinsa, kishi tsagwaronsa, kuma ya sani. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, maganar Kunkuru tana da ma'ana. Da shirme yake faɗa, da sauƙi.

Ana nan sai Kunkuru ya samo wani ƙaramin gem da ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Wani tsoho ne mai kai wasiƙu a kan keke, a wani gari na kan dutse. Wasiƙa sittin zai kai, kowace da gidanta, kowane gida da labarinsa. Babu harbi, babu gudu.

"Ni dai ban taɓa buga irinsa ba," in ji Kunkuru a saƙonsa. "Ku duba rigar tsohon, har facin gwiwar hannu an yi shi daidai. Wanda ya zana ta ya taɓa zama kusa da tela. Ba zan faɗa muku ƙarshen ba, amma da na gama na daɗe ban tashi daga kujera ba. Yaya, don Allah ka gwada shi."

Ranar Asabar Alƙali ya iso shago ya ɗaga kai. A kan allo, a ƙasan hukuncinsa, mai shago ya ƙara layi guda: zaɓin Kunkuru, tsoho mai wasiƙa.

Layi ɗaya ne tak, kuma a ƙasa yake. Amma Alƙali ji ya yi kamar an kwashe masa kayan ɗaki an zuba a waje.

Ya koma gida ya sauke gem ɗin. Ya kai wasiƙa ta farko, ya kai ta biyu. A gida na biyun wata tsohuwa ta roƙi mai wasiƙa ya karanta mata, don idonta ya mutu. Alƙali ya ji abin ya fara shiga ransa, kuma nan ne fa ya tsorata. In ya ci gaba zai so shi, in ya so shi dole ya ce Kunkuru ya yi gaskiya. Ya janye hannu daga kibod.

Sai dabara ta faɗo masa. Akawun ɗin da suke buga gem a ciki yana ƙirga awannin da mutum ya yi a kan kowane gem, kuma da su ake gane wanda ya buga da gaske. Don haka ya bar gem ɗin a kunne, ya kashe sauti, ya juya sikirin ɗin bango. Kwana kusan biyu tsoho yana tsaye a ƙofar gida riƙe da kekensa, awanni suna taruwa, Alƙali yana harkokinsa.

Da suka kai arba'in da ɗaya, ya ɗauki waya ya gyara murya.

"Jama'a, na buga tsohon nan har ƙarshe, awa arba'in da ɗaya na ɓata. Gem ne na waɗanda barci ya ƙaurace wa. Keke kamar ana tura jaki, labari babu kai babu gindi. Wanda ya yaba shi, a yi masa uzuri, bai ga gem da yawa ba ne."

Aka yi ta turo alamar dariya. Mutum ashirin da uku suka amsa, ya ƙirga. Mai shago ya sa tsumma ya goge layin ƙasa. Kunkuru kuwa abin da ya rubuta kawai shi ne, "To Yaya, na gode."

Alƙali ya zaci zai ji daɗi. Ya ɗan ji na yini guda, daga nan sai daɗin ya gushe. Kunkuru ya daina tura saƙo, in ya zo shago sai ya zauna a kwamfutar ƙarshe ta kusa da fanka.

Bayan mako uku mai shago ya sayo babban sikirin ya kafa a bango. Ranar Asabar shago ya cika, har da masu tsayuwa. Aka ce Alƙali ne zai buɗe shi da sabon gem ɗin yaƙi. Ya zauna yana gyara hannun riga, ya shiga akawun ɗinsa, jerin gem ɗinsa gaba ɗaya ya fito ɓaro-ɓaro a bango.

Bakanike ya fara karantawa da ƙarfi, cikin yabo. "Ƙwallo, awa ɗari tara. Kai, mutumin nan ba ya wasa. Tsere, ɗari uku, an gama. Tsoho mai wasiƙa, awa arba'in da ɗaya."

Sai ya matso kusa, ya ƙanƙance ido. A ƙaramin sikirin ɗin gida rubutun da ke ƙasan awannin sai an lura ake ganinsa. A nan kuwa kowane harafi ya kai tsawon yatsa.

"Wasiƙun da aka kai, biyu cikin sittin."

Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Alƙali, awa arba'in da ɗaya, wasiƙa biyu? Ko tayar keken ce ta yi faci?"

Wani ya fashe da dariya, amma ba ta yi nisa ba. Duk 'yan gem ne, babu wanda bai gane abin da aka yi ba. Direba ya ce a hankali, "Wato na makon jiya ma, da na fasa ɗauka saboda kai, ban sani ba ko ka buga."

"Wannan na buga," in ji Alƙali. Kuma wallahi ya buga, har ƙarshe. Amma ya duba fuskokinsu ya ga babu wanda ya gaskata.

Kunkuru ne ya taso daga kusa da fanka, ya ce, "Ku bar maganar nan haka. A sa gem ɗin yaƙin, shi muka zo gani." Aka sa. Alƙali ya buga minti goma, sau uku ana kashe shi a wuri ɗaya, ya miƙe ya fita.

Washegari da hantsi ya je shagon ɗinki. Ya tarar da ƙanensa da tef ɗin awo a wuya, yana yanka yadi. Alƙali ya tsaya a gabansa ya fara magana.

"Ka ji kunya a kaina jiya."

"Ba jiya na sani ba, Yaya," in ji Kunkuru, bai daina yankan ba. "Ranar da muka je duba Umma, kana zaune a gabana kana ɓare mata lemo, akawun ɗinka ya nuna min a wayata wai kana kan buga gem ɗin. Da muka fito ma kana bugawa. Na kai ka gida a babur kana bugawa."

Alƙali ya ce, "Ka sani, na zage ka a gaban mutum tamanin, ka ce ka gode?"

"To me zan ce? In na tona ka, wa na tona?" Ya ajiye almakashi. "Ni fa ba allo nake so ba. Duk saƙon da na tura, kai nake jira ka ce wani abu. Da na gama gem ɗin nan babu wanda ya faɗo min a rai sai kai. Na ce Yaya ne kaɗai zai gane abin da ke cikinsa. Har yau ina jira."

Alƙali ya nemi kujera ya zauna. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa, ranar "ka yafe min" kawai ya faɗa.

Ya koma gida ya kama gem ɗin daga wasiƙa ta uku. Kwana goma sha shida ya yi yana kaiwa, gida-gida, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai ta sittin, matarsa ta shigo ta same shi yana share ido da bayan hannu, ta juya ta fita.

Ya tura saƙo a guruf, mafi gaskiyar hukuncin da ya taɓa yankewa. Ya ce ya yi ƙarya, ya ce kishin ƙanensa ne ya sa shi, ya ce a shekara goma sha ɗaya bai buga gem ɗin da ya kai wannan ba. Sannan ya ajiye wayar a kan tebur yana jira.

Mutum saba'in da wani abu suka saurara. Har yamma ta yi, amsa ɗaya ce ta shigo, daga Kunkuru.

"Yaya, wace wasiƙa ce ta fi taɓa ka? Ni ta talatin da takwas."

Darasi: Kishi ba ya rage wa wanda ake yi wa komai, mai yin sa yake talautawa. Amanar da ka shekara goma kana ginawa, ƙarya ɗaya ta isa ta rusa ta, har gaskiyarka ta baya ta koma abin zargi. Kuma sau da yawa wanda kake ganin ya zo ƙwace maka wuri, yabonka kawai yake jira. In na ƙasa da kai ya yi abin kirki, buɗe baki ka faɗa tun da sauran masu jin maganarka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ƙanensa ke jiran kalma ɗaya daga gare shi.