Mai Lambun Mangwaro da Zuman Maƙwabcinsa

An yi wani mutum a gefen Ƙarfi, ƙasar Malumfashi. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa na nan da rai. Ya gaji lambun mangwaro daga mahaifinsa, manyan itatuwa masu duhun ganye, waɗanda ko rana ba ta ratsa cikinsu.

Ƙwari suka dame shi. Ya yi ta feshi da famfon goyo, amma maganin iyakarsa ganyen waje, su kuwa suna can ciki a ƙarƙashin ganye suna ɓarnarsu. Sai ya sayo inji mai dogon tiyo, wanda ke tura magani har cikin rassa. Zuwa nan, ya 'yan uwa, bai yi laifin komai ba.

To, yana da maƙwabci, wani dattijo Bamaguje da ake kira Baba Sule. Sana'arsa zuma. Tun zamanin mahaifin mutumin nan yake rataye amyarsa a cikin itatuwan lambun, da yardar mai lambu. Da ita yake ciyar da matarsa Marka da jikokinsu.

Da dattijon ya ga injin, ya zo har gida ya roƙe shi ya bari fure ya zube tukuna, ko ya yi masa magana kafin ranar feshi don ya sauke amyarsa. Mutumin ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Baba, lambuna ne. Ni zan nemi izinin ƙuda?"

Wata rana da hantsi, mangwaro na tsakar fure, zuma ta cika itatuwa, ya ninka magani ya kunna inji. Wannan karon maganin ya shiga ko'ina, har cikin amya. Kafin azahar ƙasa ta yi baƙi da matattun ƙudan zuma. Dattijon ya zo ya tsuguna, ya ɗebi cikin hannu, ya daɗe yana kallo. Bai zage shi ba, bai kai ƙara ba. Ya kwashe amyarsa fanko ya tafi. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan, raina ɓaci yake yi.

Wa ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan har itace ya haihu? Ashe bai sani ba, ma'aikatansa ya kashe. Shekarar nan fure ya zube, 'ya'ya tsilla-tsilla. Maimakon ya yi tunani, sai ya ce ƙwari ne, ya ƙara magani, yana tsaye a ƙarƙashin itace ko hanci bai rufe ba. Haka shekara ta bi shekara. Lambu ya zama inuwa kawai, ƙirjinsa ya kama tari. Ƙarshenta ya kira masu gawayi, yana ji yana gani suka sare itatuwan ubansa.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya ce a ɗauke shi a kai shi wurin Baba Sule ya nemi gafara. Suka tarar da Marka ita kaɗai a tsakar gida. Ta ce, "Ɗan nan, ka makara. Tun damina muka rufe shi."

Ya 'yan uwa, maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba addininku ɗaya ba. Haƙƙin mutum kuwa, sai mai shi ya yafe. Yanzu wa zai yafe wa wannan? Wanda ya san ya cuci wani, ya je yau, tun mai haƙƙin yana numfashi.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin na kusa da mu, ya ba mu ikon neman gafara tun ƙofa na buɗe. Amin.